Kunamar da Yaya Lawali Ya Aiko

Da aka yi rasuwar Yaya Lawali, ke Haule kin bugo waya daga Yamai kin yi mini gaisuwa a tsaitsaye kamar wadda ake kora. Kai Faisal ko wayar ba ka bugo ba, saƙo ka turo, shi ma da Larabci. Ban ce muku komai ba a lokacin don gida cike yake da mutane, amma ban manta ba. Na san abin da ke ranku. Tun shekarar da muka bar Riyad kuke riƙe da cewa wana ne ya cuce mu, ya sayar da abin kirki ya aiko mana da jabu, har aka fitar da mu daga garin da aka haife ku. Na sha gaya muku ba haka ba ne, amma ban taɓa gaya muku yadda aka yi ba, domin yana da rai, magana kuma in ta fita daga baki ba a san inda za ta kwana ba. Yanzu ƙasa ta rufe masa ido, babu mai kai masa. Sai ku natsu ku ji.

Kun san mu maƙera ne kaka da kakanni, a ƙauyenmu na gefen Mirriya. Ni dai ƙafata ce ba ta zama wuri ɗaya, na bar wa Yaya Lawali uwar maƙera da zugazugi na shiga duniya, har na faɗa Riyad a matsayin direba. Kafilina, wato mutumin da iƙamarmu, takardar izinin zama, take hannunsa, shi ne Abu Nasir, dattijo mai son tsofaffin kaya kamar ya yi hauka. Wata rana ya same ni ina gyara marfin wani tsohon akwati da hannu, ya tsaya ya kalli yadda nake riƙe guduma, washegari ya karɓe makullin mota ya kai ni wani gida da ya keɓe a unguwar Shifa. Ɗaki bayan ɗaki, ba komai a ciki sai bindigogin da. Akwai masu fatila waɗanda ake kunna wa igiya, akwai masu ƙanƙara irin ta gidanmu, akwai masu zobban azurfa tun daga baki har ƙota. Babu wadda ake ɗura wa albarushi, duk sun yi ritaya, kallo kawai ake zuwa yi. A inuwar wannan gida na samu na kawo mahaifiyarku Mariama, muka kama ɗaki biyu a unguwar Ulaisha, aka haife ku.

Abin da na fara koya a wurin shi ne in manta da abin da ubana ya koya mini. A gidanmu in ƙarfe ya yi tsatsa, abin kunya ne ga mai shi. Ranar farko na ɗauki samfefa zan taɓa bututun wata bindiga, Abu Nasir ya doke mini hannu da sandarsa, ban taɓa ganin ya fusata haka ba.

"Ya Bakur," haka yake kirana, "wannan baƙin da kake gani, shekaru ne. Kai ka san inda ake sayar da shekaru? In ka goge, ina za ka samo mini wasu?"

Na ce a raina, Allah ɗaya gari bamban. Amma sannu a hankali cutar ta kama ni ni ma. Ranar Juma'a muna zuwa kasuwar Zal inda ake gwanjon tsofaffin kaya, in ga dattawa masu furfura suna jayayya kan noti ɗaya da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, wannan ya ce zaren hannu ne, wancan ya ce na inji ne, har a yi fushi a daina gaisawa. Mutum zai sayi bindiga sukutum don ya cire zobe ɗaya ya saka wa wata, ya jefa sauran a akwatin tarkace. Da farko dariya suke ba ni. Daga baya na kama kaina ina shinshina ƙota don in ji ko itacen ya tsufa da gaske, ina kuma raina duk abin da ke ƙyalli.

A cikin ɗaruruwan nan akwai guda ɗaya da ba a rataye ta a bango ba, tana kwance ita kaɗai a akwatin gilashi. Ta kakansa ce. Komai nata yana nan, sai abu ɗaya, wato farantin ƙarfen nan na gefe mai ɗauke da abin da ke riƙe ƙanƙara ya ƙyasta wuta. Mu a gidanmu gaba ɗayansa kunama muke ce masa. An cire ta tun kafin a haifi Abu Nasir, sai gurbinta a jikin itace, fayau kamar wawulo. Ya yi shekaru yana nema. An kawo masa daga Yaman, an kawo daga Sham, wata ta yi tsawo, wata ramin notinta bai hau ba, wata kuma sabuwa ce aka shafa mata tsufa. Ya rantse ba zai fafe itacen kakansa don wata kunama ta shiga ba, sai dai wadda za ta zauna da kanta.

Shekarar da nake ba ku labari, ciwon suga ya kwantar da shi, babban ɗansa Nasir ya karɓi ragamar komai. Kada ku ɗauka Nasir mugu ne. Mutum ne na ofis, bai ga amfanin gida guda ana kunna masa na'urar sanyi don tsofaffin ƙarafa ba. Ya fara sallamar ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, mai gadi ya tafi, mai dafa gahawa ya tafi. Iƙamarmu mu huɗu za ta ƙare a cikin shekarar, kuma duk lokacin da na yi masa maganar sabuntawa sai ya ce, "In sha Allah," yana kallon wayarsa. Ke Haule kina ajin ƙarshe na sakandare, kina ta maganar karatun haɗa magunguna. Ban da Riyad ba ku san ko'ina ba, Hausarku ma sai an yi haƙuri da ita. Na kasa zaune na kasa tsaye. In na dawo daga Shifa ba na iya shiga gida, sai in zarce kasuwar Batha da ƙafa in zaga in dawo, ba don ina da abin saya ba. Abinci na ci ne kawai don kada Mariama ta yi magana, kuma duk da haka sai ta yi.

"Malam, ka zauna mana. Wannan sintiri naka ya sa ni jiri. Ko tabarmar tana cizo ne?"

Wata safiya ina share ƙurar akwatin gilashin, na sa yatsa a cikin gurbin nan kamar yadda na saba, na bi gefensa. Ban san abin da ya bambanta wannan rana da sauran ba, wataƙila tsoro ne ya wasa mini hankali. Yatsana ya bi wutsiyar gurbin mai tsini, ya zo kan ramukan noti biyu, sai na tsaya. Na san wannan siffa. Ina yaro ni nake riƙe wa babanmu bindigar kakanmu in zai shafa mata mai kafin Salla. Kunamarta ba ƙirar gidanmu ba ce, ta nasara ce da fatake suka ƙetaro da ita hamada, kakanmu ya ƙera mata bututu ya sassaƙa mata ƙota. Tana da ɗan tambari kamar hular sarauta da wasu haruffa a ƙasansa. Na bugo gida na sa wani maƙwabci mai babbar waya ya ɗauko mini hotonta, aka aza tsinken ashana a gefe don a ga tsawo. Ta fito baƙa ƙirin, tambarin yana nan daram. Na kai wa Abu Nasir a gadonsa. Mutumin da sai an tayar da shi, ya yunƙura ya zauna da kansa, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ita ce, ya Bakur. Gida ɗaya suka fito, ɗaya ta bi teku, ɗaya ta bi rairayi. In ka kawo mini ita, wallahi zan sa Nasir ya sabunta muku har 'yarka ta gama jami'a. Ni zan nemi takardar izinin shigo da ita."

Na fita daga ɗakin ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Sai da na hau mota na tuna cewa bindigar ba tawa ba ce. Tana rataye a maƙera a hannun Yaya Lawali, ita ake bugawa ranar Salla, ita ake bugawa in an haifi namiji a gidan. Ranar sunana an buga ta, ranar sunan Faisal ma an buga ta ko da yake yana wata ƙasa. Ƙane ya buɗe baki ya ce wa wansa ya ɓalle kunamar bindigar gida ya aika wa Balarabe, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na yi ta ɗaukar waya ina ajiyewa. Mariama ce ta gaji ta danna lambar ta miƙo mini. Bayan mun gaisa na yi ta kewaye-kewaye, har ya ce in faɗi abin da ke tafe da ni. Na daure na faɗa.

"Don yaran ne?"

"Don su ne, Yaya. Don karatun Haule."

"To, ai ƙarfe bai fi jini ba. Zan cire. Ita kuma bindigar in ƙera mata wata, hannuna bai mutu ba tukuna."

Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba. Sai na tuna da abin da ya fi komai muhimmanci.

"Yaya, don Allah a aiko ta yadda take. Kada a goge, ko mai kada a shafa. Baƙin nan da tsatsar su suke so."

Ya yi dariya har da tari.

"Habu, ranar ƙasar Larabawa ta taɓa maka kai. Wane babban mutum ne ke son tsatsa?"

"Wallahi Yaya da gaske nake. Yadda take."

"Na ji. Kai za ka koya mini ƙarfe?"

Nan na bar maganar. Shi ya koya mini riƙon awartaki, shi ya ɗauke ni a kafaɗa ranar da garwashi ya ƙona mini ƙafa. Akwai iyakar inda ƙane yake kaiwa da nanata magana. Na sake faɗa sau ɗaya a wata wayar, ya ce, "Na ce na ji," da muryar da na sani tun ina yaro. Ban ƙara ba.

Sai jira. Takardar izini ta fito, aka samu wani direba ɗan Maraɗi mai aiki a unguwar Malaz da ya je hutu zai dawo, ya yarda ya biya ya karɓo. Amma duk lokacin da na bugo gida sai Yaya Lawali ya ce ana shiri. Na ɗauka shirin naɗewa da addu'a yake nufi, irin na manya. Direban ya ɗaga tafiyarsa saboda shi. A Shifa kuma kullum Abu Nasir sai ya aiko a tambaye ni, Nasir yana kallona kamar mai yi wa ubansa romon baka. Na rame har wandona yana zamewa. Na riƙa zuwa Malaz ina tambayar abokan aikin direban ko sun ji daga gare shi, har suka fara ɓuya in sun hango ni. A gida ke Haule kina karatu a kan tabarma kin toshe kunne da yatsu saboda ƙarar takalmina, kai kuma Faisal kana cewa, "Baba, halas, ya isa haka, za ta zo," kamar kai ne uban.

Ta iso ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Direban ya miƙo mini jakar fata sabuwa, ɗinkin gida, da ƙunshin kilishi. Ban buɗe a titi ba, na rungumo ta har Ulaisha. Kuna nan duk kun kewaye ni. A cikin jakar akwai farin ƙyalle sabo fil, an naɗe shi da kyau an ɗaure da zare. Na warware. Abin da ya faɗo a tafin hannuna fari ne tas, yana ƙyalli kamar cokalin amarya. Babu baƙi, babu tsatsa ko ɗigo. Inda tambarin yake an goge shi ya yi sumul, haruffan sun tafi. Noti ɗaya da ya cinye an canja shi da sabo, zarensa tsaf. Na ja kunamar da babban yatsa, ta tafi lau ta kama, ta fi yadda na san ta aiki. Ke Haule kika ɗauko waya kika buɗe hoton, kika dube shi kika dubi hannuna.

"Baba, wannan ba ita ba ce! Taƙlid ce, jabu ce. Ina tambarin? Wallahi haram, Baba Lawali ya sayar da ta asali!"

Na daka miki tsawa na ce ki rufe mini baki. Abin da na iya faɗa ke nan, kuma na san tsawa ba hujja ba ce. Ni kuwa tun kallon farko na san ita ce. Na karkata ta wajen taga, na ga sawun magagari a gefen farantin, siriri, a karkace, duk sun kwanta gefe ɗaya. Haka babanmu yake gogewa, haka ya koya wa Yaya Lawali, ni ban taɓa iyawa ba don ba ni da haƙurin. Wanda bai san aikin ba ba zai gane yawan zaman da mutum zai yi kafin ya fitar da tsatsar shekaru ɗari da hannu ba, ba inji, ba lantarki, ga ido ya fara rauni. Ashe shirin da ake yi ke nan. Ya ji maganata sarai, amma a wurinsa ba zai yiwu abu ya fita daga maƙerar gidanmu zuwa hannun babban mutum, a kan makomar 'ya'yan ƙanensa, yana baƙi kamar gindin tukunya ba. Ya yi mana iyakar abin da ya iya, garin neman gira aka rasa ido.

Da kuka fita, na gaya wa Mariama gaskiyar abin. Ta zauna a bakin gado ta riƙe kai. Mahaifiyarku mace ce mai saurin nemo hanya, ba ta daɗe ba ta ɗago.

"Ba kai ka ce akwai masu mayar da sabo tsoho a bayan Batha ba? Kai ma ka iya. Ka mayar mata da baƙinta. Ai ba ƙarya ba ce, tsohuwar ce da gaske."

Gaskiyarta, na iya. Wanda ya yi shekaru yana gano jabu ya san yadda ake yin sa. Tambarin ba zai dawo ba, amma ana iya cewa tsatsa ce ta cinye shi, idon tsohon kuma ciwo ya rage masa kaifi. Washegari da hantsi na ɗauki gwangwani da gishiri da sauran tarkacen da ake bukata na hau saman soro. Na jiƙa, na haɗa, na ɗauko kunamar zan tsoma. Rana ta haska sawun magagarin nan. Na ajiye, na zaga soron, na dawo na ɗauka, na sake ajiyewa. Haka na yi ta yi har inuwa ta gudu ta bar ni. Kada ku ɗauka tsoron Allah ne kaɗai ya riƙe mini hannu. Ina da shi daidai gwargwado, kuma ban so in yaudari mutumin da na ci gishirinsa ba. Amma abin da ya fi ƙarfi shi ne na kasa zuba wa aikin wana gishiri ya ci. Ina ganinsa a zaune a ƙofar maƙera ya kusanto da ƙarfen dab da idonsa. Na zubar da ruwan a magudana na sauko. Mariama tana tsaye a ƙasan matakala.

"Ka yi?"

"Ban yi ba."

"Malam, karatun 'yarka a hannu ɗaya, gugar Yaya Lawali a hannu ɗaya, ka zaɓi guga?"

Na wuce ta na shiga ɗaki. Har yau in kuka tambaye ni ko daidai na yi, ba zan rantse ba. Abin da na sani shi ne hannuna ya ƙi, kuma na ji zafin maganarta har cikin ƙashina.

Na kai wa Abu Nasir da safe. An zaunar da shi a majalisi, an kawo akwatin gilashin gabansa, Nasir yana tsaye a bayansa. Na warware farin ƙyallen. Nasir ya yi wata 'yar dariya ya ce wa ubansa, wannan ai jiya aka ƙera ta, ana wasa da hankalinka ne. Tsohon bai kula shi ba. Ya karɓa, ya kai ta bakin gurbin, ya ɗan taɓa. Ta shige ta zauna daram, ramukan noti suka hau kan juna, ko gashi ba zai ratsa tsakani ba. Na ce a raina ko Allah zai sa. Ya daɗe yana kallonta a jikin baƙin itacen kakansa, tana ƙyalli ita kaɗai. Sai ya zare ta, ya juya ta a haske, ya shafa inda tambarin yake da.

"Ta asali ce," ya ce wa ɗansa. Sannan ya dube ni. "Wa ya yi mata haka?"

"Wana ne, ranka ya daɗe."

"Maƙeri ne?"

"Ya fi ni nesa ba kusa ba."

"Na gani. Hannu ne mai kyau. Allah ya yafe masa." Ya miƙo mini ita. "Shekarun sun tafi, ya Bakur. Ba zan iya saka wa kakana wannan ba."

Na ajiye kunya na tuna masa alkawari. Na ce na kawo abin da ya ce, kuma ta zauna, yarinya ba ta san tsatsa ba, ba ta san guga ba. Ya ce zai yi wa Nasir magana, amma ya faɗe ta ne yana kallon bango, da muryar wanda abin da ke riƙe da shi ya saki. Na ƙi karɓar kunamar, na ce kyauta ba ta komawa gida. Nasir ya ɗauke ta ya jefa a akwatin tarkace, cikin zobba da notuna, na ji ƙararta. Bayan wannan tsohon bai ƙara tambayar ɗakunan bindigogi ba, jikinsa ya yi ta baya. Ko ya yi maganar ko bai yi ba, Allah ne masani. Ni dai na yi ta zarya ofishin Nasir ina roƙon a bar mu ko zuwa ƙarshen jarrabawa, ina zama a ƙofa har a tashi. Abin da ya fito shi ne takardar fita ta dindindin, mu huɗu.

Sauran kun san shi fiye da ni. Ke Haule kin bar aji ana saura kaɗan, kin zo ƙasar da ake karatu da Faransanci, aka mayar da ke baya cikin yaran da kika girma, maganar haɗa magunguna ta bi ruwa. Kin yi wata da watanni ba ki dubi idona ba. Kai Faisal yara suna yi maka dariya in ka buɗe baki, har ka koyi yin shiru, ka kuma riƙe shi har girma. Wannan duk a wuyana yake, ban ɗora wa kowa ba. Na sa mahaifiyarku ta rantse ba za ta faɗa ba, ta kuma riƙe har ta koma ga Allah, ko da yake ba ta taɓa cewa na kyauta ba. Na ga yadda kuke gaishe da Baba Lawali da baki ban da zuciya, na ga yadda kuke ture kwanon da ya fito daga gidansa. Abin yana ci mini rai, amma na auna. In na wanke shi a wurinku, dole in ce gugarsa ce ta jawo, kuma gidan maƙera ba ya riƙe magana, kafin la'asar ta kai masa. Mutumin da duk abin da ya mallaka a duniya hannunsa ne, a ce masa hannun nan ne ya kashe wa 'yar ƙanensa karatu, ban ga yadda zai ƙara ɗaga guduma ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ga abin da ba ku gani ba. Kwana kaɗan da saukarmu, da sassafe, na same shi a maƙera yana hura wuta. Bindigar tana rataye a inda take, da sabuwar kunamar da ya ƙera mata. Ya nuna mini buhu na zauna. Ya ci gaba da jan zugazugi. Can ya tsaya, bai dube ni ba.

"Habu, tsakaninka da Allah. Aikina ne ya kore ku?"

Na gyara zama a kan buhun.

"A'a, Yaya. Tsohon ne ƙarfinsa ya ƙare, ɗansa ya rufe wurin."

"Ya karɓa dai?"

"Tana wurinsa. Ya ce hannu ne mai kyau."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka sauka.

"Alhamdu lillahi. Tun da na ji za ku dawo abinci bai yi mini daɗi ba. Akwai wani ɗan rami kusa da inda rubutun nasaran nan yake, na goga, na goga, ya ƙi fita, ga idon ba kamar da ba. Na ce ko shi Balaraben ya gani ya raina mu, ya huce a kan yaran."

"Bai gani ba, Yaya."

"To madalla," ya ce. Ya share ido da bayan hannu, ya ce hayaƙi ne, ya miƙo mini awartaki in riƙe masa ƙarfe.